Sawu a Gurbin Sama

Ranar Laraba da hantsi wani mai sayar da caja ya shigo shagona yin fotokwafi, waya na ta surutu a aljihunsa. Muryar da na ji ce ta sa na ɗago kai. Na san ta sarai, don wata da watanni tana saukowa ta silin daga sutudiyon da ke samanmu, ana maimaita magana ɗaya har ta fita a raina.

"Wane fim ne wannan?" na tambaye shi.

"Sabo ne fil. Jiya aka turo mini, ai ya cika gari."

Fim ɗin bai fito ba, sai wata mai zuwa za a fara haska shi. Kafin rana ta take tsaka, duk masu shaguna a benen sun fito baranda, Furodusan fim ɗin kuwa yana tsakiya yana kumfar baki. Gonarsa ta gado ya sayar ya yi fim ɗin, don haka ban ga laifinsa ba a ihun. Inda ya nufa da yatsa ne ya dame ni.

Kwamfutar da ake haɗa fim ɗin ba ta taɓa hawa intanet ba. Ramukan da ake soka filash kuwa, Furodusa da kansa ya sa aka toshe su da gam. Hanya ɗaya ta rage wa ɓarawo: ya buɗe cikin injin ya zare es-es-di, wato 'yar ma'ajiyar nan siririya mai kama da ɓallen cingam da aikin ke ciki. Makullin sutudiyo kuma yana hannun mutum uku: Furodusa, Edita mai haɗa fim ɗin, sai mijina mai shagon gyaran kwamfuta a ƙasa, wanda kowa ke kira Mai Gyara, don shi ya harhaɗa injin da hannunsa.

"Ni dai na ga Mai Gyara ya hau sama ranar Lahadi," in ji mai gadi, yana kallon ƙasa. "Benen a rufe, ba kowa."

Na juya na dubi mijina. Ranar Lahadi ce mini ya yi zai je duba abokinsa marar lafiya. Ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Darakta ne kaɗai ya sa baki. Siririn mutum ne mai sanyin murya, abokin Furodusa tun suna makaranta. Ya riƙo hannun Furodusa. "A bi a hankali," ya ce, "kada a kira hukuma tukuna."

Furodusa ya fizge hannunsa. "Na ba shi zuwa tashin aiki. Ko ya faɗi wanda ya kai wa, ko 'yan sanda su tambaye shi da nasu bakin."

Mai gyaran da aka taɓa sa wa ankwa saboda satar abin da ke cikin inji, wa zai sake miƙa masa ko da waya? Na koma shago na kira Kawu.

*

Kawu wan mahaifiyata ne. Ƙuruciyarsa a daji ta ƙare yana bin sawun shanun sata, yanzu da gwiwa ta gaji ya dawo gari yana bin na babura da wayoyi. Abin dariyar, ko lamba bai iya ajiyewa a tasa wayar ba. Ya iso da 'yar tocilarsa da sandarsa, ya saurare ni har na gama.

"'Yata, ki ji da kyau," ya ce. "In sawun nan ya shiga ɗakinki, zan bi shi har ƙurya. Kin yarda?"

Na ce na yarda.

Da mai gadi ya fara. Bai tambaye shi ko ya tabbata ba, cewa ya yi, "Da ya sauko, me ke hannunsa?"

"Ba komai. Alewa dai yake tsotsa, mai yajin nan."

"Da ya hau yana tsotsar ta?"

Mai gadi ya yi tunani. "A'a."

Kawu ya kama matakala, ina biye. Ya wuce ƙofar sutudiyo ko kallonta bai yi ba, ya ci gaba har rufin bene. Bayan tankin ruwa ya tarar da bulo ɗaya da aka mayar kujera, kusa da shi gwangwanin madara cike da guntayen taba. Ya aika aka kira mijina.

"Suruki, yaya jikin abokin naka?"

Mijina ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya share zufa. Tun da likita ya yi masa magana a kan ƙirjinsa ya rantse mini ya daina shan taba. Ashe alewar ta ɓoye wari ce. Na buɗe baki zan fara, Kawu ya ɗaga mini sanda.

"Ki ajiye wannan sai gida. Kai kuma kada ka yi murna, wannan bai wanke ka ba. Mai hawa rufi yana iya tsayawa a hanya."

*

Sutudiyon ɗaki ne ɗaya mai sanyi, bangonsa duk soso. Edita na zaune gaban allo idonta ya yi ja. Mace ce mai kaifin baki, amma ranar muryarta ta dushe.

"Wa ya rufe ɗakin nan ranar Asabar?" Kawu ya tambaye ta.

"Ni. Doka ce, ni ce ta ƙarshen fita."

Tana magana tana ƙoƙarin nuna wa Furodusa inda aikin ya tsaya, hoton kuwa yana ta tsalle yana maƙalewa. Ta ja tsaki ta bugi tebur. "Wannan ma ya samu ranar iskancinsa. Tun Litinin yake jan ƙafa."

Kawu ya juyo gaba ɗaya. "Tun yaushe?"

"Litinin da safe. Da kamar walƙiya yake, yanzu sai na jira shi ya gama tunani."

"Kin gaya wa Mai Gyara?"

"Na ɗauka nauyin aiki ne."

"Ni a daji in saniya ta wayi gari da ɗingishi, tambaya nake ina ta taka jiya," in ji Kawu. "A buɗe mini cikinsa. Suruki, kai baki kawai za ka sa, hannunka a aljihu."

Edita ta kashe injin, ta kwance murfin gefe. Kawu ya durƙusa da ƙyar ya haska tocila. Mijina ya leƙa ta saman kafaɗarsa, sai na ji ya ja numfashi.

"Ba nan na sa shi ba!"

"Me?" in ji Furodusa.

"Es-es-di ɗin. Ga shi can a gurbin ƙasa. Ni a na sama na sa shi."

"Kai ka faɗa," Furodusa ya ce.

Kawu ya ce, "Yi mini bayani kamar kana yi wa tsohon makiyayi, don shi kake yi wa."

Mijina ya nuna babban allon da komai ke dashe a kansa, wanda suke kira madabod. "Gurbi biyu ne, Kawu, kuma bakinsu iri ɗaya. Duk wanda ka soka shi zai shiga, injin zai tashi, ba abin da zai ɓace. Amma na sama hanyarsa layi huɗu ce, kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwar injin. Na ƙasa a wannan allon layi biyu aka ba shi, tsohon yayi, kuma sai ya bi ta mahaɗar da sauran kaya ke cunkoso. Ma'ajiyar nan mai gudu ce, amma gudunta iyakar hanyar da ka ba ta. A ƙasa ko rabin ƙarfinta ba za ta yi ba. Mai rubuta wasiƙa ba zai lura ba, mai haɗa fim kuwa a ranar zai ji."

"To ina na saman? Ban gan shi ba."

"Yana bayan wannan." Ya nuna wani ƙaton abu mai fanka biyu da ya tokare tsakiyar injin. "Katin hoto ne. Sai ka zare wayoyinsa, ka kwance shi, ka danna wata 'yar sakata da ke ɓoye, sannan ka ga farantin ƙarfen da ke rufe gurbin. Shi ma sai ka kwance."

Edita ta yi duk wannan yana gaya mata, ta ɗauki lokaci har Furodusa ya fara duba agogo. Da farantin ya fito, Kawu ya karɓa ya kifa shi. A cikinsa akwai wata roba mai laushi da ke shanye zafi. Ya karkata tocila, hasken ya kwanta a kanta, sai ga shatin wasu 'yan murabba'ai a lotse. Ya sa aka zaro es-es-di ɗin daga ƙasa, ya ɗora shi a kan shatin. Ya zauna daram.

"Nan yake kwana," in ji Kawu a hankali. "Ya daɗe yana kwana a nan. Suruki, sa shi a gurbin ƙasa aikin yaya ne?"

"Murfi, kusa ɗaya, shi ke nan. Kafin ka gama amsa gaisuwa."

Furodusa ya ce, "Wannan ya nuna an cire shi. Mun riga mun sani. Wa ya fi Mai Gyara iya cirewa?"

Kawu ya kashe tocilarsa ya miƙe. Ni kuwa na san maganar Furodusa ba ta rasa kai ba, rana kuma ta fara karkata.

*

Mai Kyamara muka samu a ƙasa yana goge gilashin na'urarsa a bayan mota. Ƙato ne, kuma kowa ya ji shi makon jiya yana gaya wa Furodusa a baranda cewa sai ya yi da-na-sani. Tun safe wasu ke raɗa sunansa, ni ma na so a ce shi ne, Allah ya yafe mini.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa," ya ce. "Mutumin da zai sa a yanke ƙarshen fim don wai 'yan kallo ba sa son kuka, ai zai yi da-na-sani. Amma ni in saci aikin da na sha rana a kansa in watsar kyauta? Haba Baba."

"Yaushe za a yanke?"

"Litinin aka ce za a fara. Shi ya sa Asabar muka zauna ni da Darakta muka kalli ƙarshen karo na ƙarshe. Ni na ji ba zan iya ba, na fita na bar shi."

"Ka bar shi da Edita."

Mai Kyamara ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas.

"Litinin da safe kana ina?"

"Wajen gari, ɗaukar tallar sabulu. Mutum ashirin za su shaida."

Kawu ya sa na kira masa Edita gefe, ƙarƙashin matakala. Bai ɗaga murya ba. "'Yar nan, magidanci zai kwana a kulle yau saboda maganar da kika faɗa. Wa ya rufe ɗakin?"

Hawaye ya zubo mata. An kira ta Asabar da yamma cewa mahaifiyarta ta faɗi a banɗaki, ta ɗauki jaka ta fita a guje. Ƙofar irin mai kulle kanta ce in an ja, sai ta ce wa waɗanda ke ciki su kashe inji su ja ƙofa. Ta ɓoye ne don Furodusa ya taɓa cewa ranar da ta bar wani a ɗakin, ranar aikinta ya ƙare.

Kawu ya tambaye ta abu ɗaya a kan safiyar Litinin. Amsar da ta bayar ta tuna mini da abin da na gani da idona ban ɗauke shi komai ba. Na gaya wa Kawu, ya gyaɗa kai ya ce a tara kowa.

*

Ɗakin ya cika: Furodusa da waya a hannu, Darakta a kan doguwar kujera, Mai Kyamara jingine da ƙofa, mai gadi, Edita, ni da mijina. Masu shaguna sun yi cirko-cirko a baranda.

Kawu ya fara da sa Edita ta mayar da komai, es-es-di a gurbin ƙasa, ta kunna injin. Ta ja fim ɗin gaba, ya yi ta tuntuɓe. Aka kashe, aka mayar da shi sama, aka sake kunnawa. Ta ja shi gaba da baya, ya bi hannunta kamar ruwa.

"Kun gani," in ji Kawu. "Ni ban san kwamfuta ba, amma na san tafiyar ɓarawo. Wanda ya cire abin nan yana da lokaci. Ya kwance ƙaton katin nan, ya kwance faranti, ya ɗauki abin da yake so, ya mayar da komai tsaf, har kusa bai bari ba. Ba ya tsoron a shigo masa. Amma da ya zo mayarwa, sai ya soka shi a ramin da ya fi kusa da hannu. Ya san inda ya ɗauko shi, ai shi ya ɗauko. Me ya hana shi mayar da shi can?"

Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Sauri. A zuwan farko ɗakin nasa ne, a na biyu aron ɗan lokaci ya yi. To, Yallaɓai, mai makulli yana da daren Asabar da yinin Lahadi gaba ɗaya, ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Me zai sa shi sauri? Surukina in shi ne, da ya mayar da shi gurbinsa ya hau rufi ya sha tabarsa, har abada ba mai sani. Kuma shi kaɗai a cikinku ya san injin zai yi ɗingishi. Ɓarawonka ba shi da makulli."

Furodusa ya sauke wayar a hankali.

"'Yar nan, faɗi gaskiyar Asabar."

Edita ta faɗa, kanta a ƙasa. Furodusa ya zare mata ido, Kawu ya ce, "Bar ta, ba ta gama ba. Litinin fa?"

"Na zo babu wuta. Na buɗe ƙofa na ajiye jaka, na sauka in sa mai gadi ya tada janareta."

"Kin bar ɗakin ba kowa?"

"Darakta na ciki. Ya ce ya manta tabaraunsa ranar Asabar."

Kawu ya dube ni. Na ce, "Ni ma na gan shi. Ina buɗe shago na same shi tsaye bakin matakala yana jira. Na yi masa tsiya ma, na ce yau wace rana Darakta ya riga rana fitowa, shi da ba ya zuwa sai ta yi tsaka. Kuma tabarau na idonsa."

Furodusa ya juya ga abokinsa. Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. "Ce mini ƙarya suke yi."

Darakta ya cire tabaraun ya riƙe a cinya. "Na ɗauka rami rami ne," ya ce. "Na ji janareta ta tashi, na ji takunta a matakala."

"Nawa aka ba ka?"

"Ko sisi. Ban sayar ba, sakinsa na yi. Shekaru ina ɗauke da labarin nan a kaina, ka ce Litinin a yanke ƙarshensa a sa rawa. Na roƙe ka, ka ce kuɗinka ne. Na so ko sau ɗaya mutane su gan shi yadda yake."

"Gonar ubana ce ka watsa a wayoyin mutane!"

Mijina ne ya matso gaban Darakta. "Ni fa? Kana tsaye aka nuna ni da yatsa gaban duk benen nan."

"Ai na ce kada a kira hukuma. Da sun zo, da na yi magana."

Raina ya ɓaci har na manta da gaban wa nake. "Yaushe?" na ce. "Kafin ankwa ko bayan 'ya'yansa sun ji a makaranta?"

Ya sunkuyar da kai. Tausayin da na fara ji da ya ambaci labarinsa, nan ya tsaya.

Furodusa ya daɗe yana kallon wayarsa. Abin da ya yanke tsakaninsa da abokinsa ban tsaya gani ba, don Kawu ya ɗauki sandarsa ya ce nasa aikin ya ƙare inda sawu ya tsaya.

*

Mijina bai fita ba sai da ya durƙusa ya bi duk kusoshin da Edita ta ɗaura ya ƙara matse su, ya mayar da murfi. Sannan ya zaro makullin sutudiyo daga cikin nasa ya ajiye a kan tebur.

"Haba Mai Gyara," in ji Furodusa, "ɓacin rai ne. Riƙe abinka, ka yi haƙuri."

"Na haƙura, Yallaɓai. Amma daga yau in injin ya samu matsala, a sauko da shi ƙasa, in gyara a gaban kowa."

Masu shagunan da suka yini suna raɗa sunansa suka buɗe masa hanya, kowa na cewa dama shi bai yarda ba. Bai kula kowa ba. A tsakiyar matakala ya tsaya ya zauna, ya sa hannu a aljihun riga. Ya fito da kwalin taba, sai ya tuna da wa yake tare.

Kawu ya yi gaba abinsa kamar bai gani ba. Na zauna kusa da mijina na miƙa hannu, ya ɗora mini kwalin a tafi ba musu.

"Da Kawu ya ce zai bi sawun har ɗakinmu," ya ce, bai dube ni ba, "an gaya mini kin ce kin yarda."

"Na faɗa."

"Kin yi zaton ni ne?"

"Na san ka yi mini ƙarya ranar Lahadi," na ce. "Ban san girmanta ba. Yinin nan gaba ɗaya ban sani ba, kuma kai ka jawo."

Can ya sake sa hannu a aljihu, ya ciro ashanar ma ya ba ni.